Sharhi: Ƙaiƙayi da Ƙurajen Matasa a Sharaɗa, Challawa da Bompai



Sharhinmu na yau zai duba wata larura da da wuya a sami gidan da ba ta taɓa leƙawa ba, amma ba kasafai ake zama a tattauna ta ba, wato cututtukan fata da ke addabar yara masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 19. Za mu karkata akalar maganar ga unguwannin da ke kewaye da rukunonin masana'antu 3 na Kano: Sharaɗa, Challawa da Bompai. A nan ne zafi da cunkoso da wahalar ruwa da aikin sinadarai suka taru wuri guda. Mutumin Ja'en da na Sabuwar Gandu, na Panshekara da na Zawaciki, na Dakata da na Kawaji, kowa maganar ta shafe shi.

Abin da muke so mai sauraro ya riƙe shi ne wannan: ƙaiƙayi a ido iri ɗaya ne, amma tushensa daban-daban. Wani ƙwaro ne ke haddasa shi. Wani ƙwayar cuta ce dangin funfuna. Wani bakteriya ce. Wani kuma babu wata ƙwayar cuta a cikinsa, sinadari ne ya ci fatar. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yakan zama abincin wani. Don haka ɗabi'ar nan ta shiga kemis a ce "ba ni man ƙuraje" ita ce ke mayar da ciwon mako 2 ya zama na shekara 2.

Me ya sa matasa suka fi shan wannan wahala? Da yaro ya fara balaga, fatarsa takan ƙara fitar da maiƙo da gumi, kuma wasu ƙwayoyin cuta wannan maiƙon suke ci. Shekarun ne kuma na kwana a taru, ko a makarantar kwana, ko a tsangaya, ko a shagon samari, inda tabarma ɗaya ce, bargo ɗaya, a ari hula, a ari rigar ƙwallo. Shekarun ne na fara fita neman na kai, wani a gareji, wani a wajen buga bulo, wani leburanci a kamfani. Ga kuma kunya. Ƙaramin yaro uwa ce ke yi masa wanka, ita ke fara ganin ƙurji. Saurayi ko budurwa kuwa babu mai ganin jikinsu, idan abu ya fito a matsematsi sai su yi gum, su yi ta sosa a ɓoye.

Yanayin Kano ma kowane zango da tasa fitinar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin ƙurajen zafi da maruru ke nan. Da damina, musamman a Agusta, iska takan yi laima, tufafi ba sa bushewa sosai, sai makero da ƙyasfi da cin ruwa su samu yadda suke so. Da hunturu fata takan bushe ta tsage, wanka ya yi wuya, a cure a ɗaki ɗaya ana neman ɗumi, sai ƙazuwa ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan.

Bari mu fara da ƙazuwa, domin ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda da ƙyar ido ke iya ganinsa. Macen takan haƙa rami a saman fata ta riƙa zuba ƙwai 2 zuwa 3 a kowace rana. Abin mamaki, duk wannan susar da ke hana mutum barci, yawanci ƙwarin da ke jikinsa ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Jiki ne ke yin bore saboda su. Alamarta ƙaiƙayi mai tsananta da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, da wuyan hannu, da hammata, da cibiya, da ƙugu, da al'aura. Babbar alama kuma ita ce a tarar ba mutum ɗaya ke susa a ɗakin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da ƙazuwa, kuma a 2017 ta shigar da ita jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Cuta ce ta cunkoso da cuɗanya. Mai wanka sau 3 a rana ma zai ɗauka idan ya kwana jiki da jiki da mai ita. Saboda haka gorin ƙazanta da ake yi wa almajiri ko ɗan makarantar kwana babu abin da yake ƙarawa sai ɓoyo.

Me ya sa take yawan dawowa? Domin wanda ya ɗauka a karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara jin ƙaiƙayi ba, alhali yana yaɗa ta. Idan an yi wa mai susa magani shi kaɗai, abokin kwanansa da bai fara susa ba zai mayar masa da ita. Ƙa'idar ita ce a yi wa duk mutanen ɗakin magani rana ɗaya, mai susa da marar susa. Magungunan sanannu ne: man Permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan Benzyl benzoate, ko ƙwayar Ivermectin wadda likita ne zai rubuta ta, domin ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Na shafawar ana bin jiki da shi gaba ɗaya daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kaɗai ba. Permethrin a bar shi ya kwana, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Tufafi da zanen gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 idan ya rabu da jikin mutum. A kuma sani cewa ƙaiƙayin kan iya ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu. Wannan ba ya nufin magani bai yi ba.

Haɗarin ƙazuwa bai tsaya a susa ba. Farce yakan yage fata, bakteriya ta shiga, wurin ya yi ruwa, ya yi ɓawo, ya zama gyambo. Wani nau'in wannan bakteriya yana iya taɓa ƙoda. Iyaye, idan yaro ya yi fama da ƙuraje masu ruwa, bayan 'yan makonni kuka ga fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, to maganar ta wuce kemis. Asibiti za a nufa a ranar.

Sai makero. Shi ƙwayar cuta ce dangin funfuna, yakan fito a zagaye, gefensa ya yi tudu yana faɗaɗa, tsakiyarsa ta yi kamar ta warke. Na kai ya fi kama ƙananan yara, yakan ragu bayan balaga, amma 'yan shekara 13 da 14 ba su tsira ba. Hanyarsa injin aski ne da askar wanzami da mataji da hula da matashin kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne makeron kai ba ya jin man shafawa, domin cutar tana cikin jijiyar gashi inda mai ba ya kaiwa. Sai an sha ƙwaya, irin su Griseofulvin, tsawon mako 6 zuwa 8 ba fashi. Wani lokaci wurin yakan kumbura ya yi taushi yana tsattsafo da mugunya, a zaci maruru ne a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a tsaga. Tsagawa da sakaci su ke barin tabon da gashi ba ya sake tsirowa a kai. Manyan samari kuma makeronsu ya fi fitowa a jiki da matsematsi, inda gumi ke kwanciya, musamman mai yini da wandon leda ko mai zama kan babur tun safe. Ɗan'uwansa shi ne cin ruwa, inda tsakanin yatsun ƙafa ke yin fari ya tsage, ciwon mai wankin mota da mai yini cikin takalmin roba. Waɗannan man kashe funfuna zalla, irin su Clotrimazole, yana maganinsu idan an jure shafawa mako 2 zuwa 4, an kuma riƙa tsane wurin bayan wanka da bayan alwala.

Ƙyasfi kuwa shi ne ciwon matasa na asali. Ƙwayar da ke kawo shi tana zaune a fatar kowa, zafi da gumi da maiƙo ne ke sa ta yi yawa, sai a ga dabbare-dabbare a wuya da ƙirji da baya da fuska. Ba a cika ɗaukarsa daga jikin wani ba, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi. Sabulun ruwa mai Ketoconazole ko Selenium yana kashe shi, sai dai launin fatar yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, kuma yakan dawo idan zafi ya zagayo. Amma akwai gargaɗi. Idan tabo ya yi haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma an taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, a je a gwada kuturta. Tana nan ba ta ƙare ba, amma tana warkewa sarai da maganin wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da shi a duniya baki ɗaya. Asibitin Yadakunya, wanda aka fi sani da Asibitin Bela, ya daɗe yana wannan aiki a Kano.

Maruru da ƙurajen fuska ba sa buƙatar dogon bayani. Maruru bakteriya ce. A gasa shi da tsumma mai ɗumi, kada a matse, musamman wanda ya fito a hanci ko leɓen sama, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Mai yawan yin maruru a kai a kai ya gwada sukari. Ƙurajen balaga kuma ba a ɗaukar su daga kowa. Matsa su ke barin baƙin tabo, baƙin tabon nan kuwa shi ke tura 'yan mata da yawa, har da samari, wajen mai haɗa man bilicin.

Yanzu mu zo kan abin da ya bambanta waɗannan unguwanni da sauran gari. Kano ta yi suna wajen jima tun ƙarnoni da suka wuce, har ayari ke tsallaka Sahara da jar fatar akuyar ƙasar Hausa, Turawa suna saye suna danganta ta da Maroko. Majemin gargajiya da bagaruwa da toka yake aiki. Kamfanin zamani kuwa da farar ƙasa da sinadarin salfaid yake cire gashi, sannan ya jeme da gishirin kuromiyam. Ruwan da ya fito daga wannan aiki, da na rini da sauran masana'antu, yana da hanyarsa. Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yakan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai ta wajen Minjibir. A bakin waɗannan rafuka ana noman rani, kuma sau da yawa matasa ne ke tsayawa cikin ruwan suna ban ruwa, ko su tsallaka shi ba takalmi.

A nan sai an yi adalci a magana. Ruwan kamfani ba ya haifar da ƙazuwa, ba ya haifar da makero. Abin da yake yi shi ne ya ci fata. Farar ƙasa da salfaid suna ƙona ta. Kuromiyam kuma yana sa jikin wasu ya yi bore, hannu ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya tsattsage, kuma wanda jikinsa ya fara wannan bore yakan daɗe da shi, ko ya taɓa kaɗan sai ya tashi. Siminti ma yana ɗauke da kuromiyam, shi ya sa yaran da ke kwaɓa shi da hannu a wajen gini ko buga bulo suke irin wannan ciwo. Fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe ga bakteriya. Yadda za a gane wannan nau'i ba wuya: yana fitowa daidai inda aikin ke taɓawa, hannu ko ƙafa, yakan lafa idan an yi hutu, ya dawo idan an koma aiki, kuma babu wanda ya ɗauka a gida. Irin wannan ko an shafa maganin ƙazuwa kwalba 10 ba zai ji ba, sai an raba fatar da sinadarin.

Masu ɗaukar ɗanyen ƙirgi da fatu kuma su kula da wata cutar, antaraks, wadda ake ɗauka daga dabbar da ta kamu ko fatarta. A watan Yulin 2023 Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja. A jikin mutum takan fara da ƙurji, ya zama gyambo mai baƙar tsakiya, gefensa a kumbure, amma ba ya zafi. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Wanda ya ga haka ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likita irin aikin da yake yi.

To, duk waɗannan cututtuka mabambanta, me ake shafa musu? Yawanci abu guda: man nan da ake ce wa mai aiki uku, wanda aka haɗa maganin funfuna da na bakteriya da sinadarin sitiroyid a cikinsa. A duba jikin kwalin, za a ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da ƙaiƙayi da ja, ta hanyar danne garkuwar fata. Cikin kwana 2 mutum zai ji sauƙi ya ce ya dace. A ƙarƙashi kuwa makero na faɗaɗa, ƙwaron ƙazuwa na hayayyafa. Da an daina shafawa ciwon ya taso fiye da da, sai a koma a sayo wani. A haka fata ke yin siriri, ta yi zane-zanen miƙewa da ba sa gogewa, ƙuraje su feso a fuska, har kamannin ciwon ya rikiɗe likita ya sha wuyar gane shi.

Ƙasar Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Bayan shekaru ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, sai wani nau'in makero ya bayyana wanda ba ya jin Terbinafine, ɗaya daga manyan magungunan cutar. A 2020 masana suka ba shi suna na kansa, kuma tuni aka same shi a Turai da Amurka. Idan muka ci gaba da tafiya a haka, babu abin da zai hana mu tarar da irinsa.

Wannan sitiroyid ɗin dai shi ake zubawa a haɗin bilicin da dama, domin yana sa fata ta yi haske. A watan Fabrairun 2023, a nan Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa a ƙasa. A 2024 kuma aka mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a kan titin Zariya domin a sami damar sa ido. Mataki ne mai kyau, amma waɗannan mayuka ba a kemis kaɗai suke ba. Suna shagunan kayan kwalliya, suna hannun masu talla a Facebook da TikTok, a cikin robar da ba suna ba lamba. Can gefe kuma ga masu shafa baƙin mai, ko man birki, ko ruwan batir a kan makero. Wannan ƙuna ce ake ƙara wa ciwo.

Saura wa zai yi me. Ƙannena samari da 'yan mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk ƙaiƙayin da ya wuce mako 2, ko yake faɗaɗa, ko ya fara ruwa, a nuna wa ma'aikacin lafiya, a kuma tafi da kwalin duk abin da aka riga aka shafa. A fara da asibitin unguwa. Idan ya gagara, akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Murtala, ga na Bela. Kowa ya riƙe tawul ɗinsa da hularsa da kamfansa, a shanya su su bushe ƙarau kafin a mayar jiki.

Iyaye, a riƙa tambaya cikin lalama. Uwa ta ja 'yarta gefe, uba ya ja ɗansa. Idan yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana yana susa, a yi maganin abin kafin ya zagaye gida. Alarammomi da shugabannin makarantu, Allah ya gafarta malam, idan almajiri 1 ya kamu a ɗauka ɗakin ne ya kamu, a sa rana guda a yi wa kowa, a fitar da shimfiɗu rana. Masu aski, a goge gashin da ke bakin inji, a tsaftace shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin kai da kai. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, kada ku miƙa mai ɗauke da sitiroyid ga ciwon da ba ku gani ba.

Masu masana'antu kuma doka ta riga ta yi magana. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da kayan kariya da wurin wanke jiki ga ma'aikatan da ke hulɗa da abubuwa masu cutarwa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan masaƙu da kamfanonin fata da takalma, waɗanda suka haɗa da tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi. Safar hannu da takalmin roba ba su kai kuɗin jinyar hannu ɗaya ba, kuma leburan da aka ɗauka aikin yini shi ma haƙƙinsa ne. Gwamnati a nata ɓangaren ya kamata ta tabbatar ana bin waɗannan dokoki, ta kai ruwan famfo unguwannin da suka dogara da 'yan garuwa, domin gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka wanki ne farkon abin da yake ragewa. Ta kuma sa duba fatar ɗalibai cikin aikin lafiyar makarantu a farkon kowane zango.

Kiranmu ga kowa shi ne a san ciwo kafin a shafa masa magani, kuma idan ƙazuwa ce a haɗa da abokan kwana. Wanda ya ji wannan bayani ya isar wa maƙwabcinsa da bai ji ba.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mana zuri'a. Mu kasance lafiya, wassalamu alaikum.